KARATUN KULLUM KAƊAN-KAƊAN: ABIN DA MA'AIKACI ZAI KOYA DAGA MAKARANTAR ALLO

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakanin ma'aikatan Gwamnati da 'yan makaranta, watau jingine littafi har sai an ji ƙishin-ƙishin jarrabawa. Ma'aikaci yakan shekara uku bai buɗe littafin Dokokin Aikin Gwamnati ba, balle na Ƙa'idojin Kuɗi, sai ran da takardar jarrabawar ƙarin girma ta fito sa'an nan hankalinsa ya tashi. Daga nan sai kwana zaune, ga goro ga shayi, yana neman ya haɗiye a mako biyu abin da ya kamata a tauna a shekara uku. Wani yakan dace ya ci jarrabawar, wani kuwa ya faɗi ya sake jiran zagayowar shekara, tsararrakinsa su wuce shi. To, amma ko wanda ya ci ɗin, in aka tare shi bayan wata guda aka yi masa tambayoyin nan dai, da ƙyar zai amsa rabinsu.

A 'yan shekarun nan an sami masu cewa maganin wannan cuta shi ne a rarraba karatu ƙanana-ƙanana, a riƙa ɗaukar loma guda kowace rana: yau kalma ɗaya da ma'anarta, gobe ƙa'idar nahawu guda, jibi wani ɗan guntun tarihi. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan ƙwarai, domin kuwa da wuya gari ya waye mutum bai tarar da wani ya aiko masa da "kalmar yau" ko "tarihi a rana irin ta yau" ba. Shawara ce mai kyau, lissafi ma yana bayanta. Wanda ya ware minti 15 kullum, in shekara ta zagayo ya yi karatun awa 91 ke nan da 'yan mintoci. Wanda ya riƙe kalma 5 a yini, zai ga ƙarshen shekara da kalma 1,825. Sai dai fa lissafin nan bisa takarda yake. Kafin ya tabbata a cikin kai akwai sharuɗɗa biyu da malaman ƙasar nan suka daɗe da sani tun kafin zuwan boko, waɗanda kuwa mafi yawan masu aika saƙon safe ba su kula da su ba.

Yadda Allo Yake Aiki

Duk wanda ya zauna a gaban malam da allo ya san ba a cika wa yaro allo ranar farko. Da babbaƙu ake farawa, sai sun zauna a je ga farfaru, sa'an nan a koya masa haɗa su. In ya kai ga surori, malam yakan rubuta masa aya biyu ko uku, gwargwadon ƙwaƙwalwarsa, ya biya masa, shi kuma ya koma gefe ya yi ta maimaitawa da ƙarfi. Ba shi da izinin wanke allon nan sai ya dawo ya karanta a gaban malam ba tuntuɓe. In ya yi tuntuɓe, allon zai kwana da rubutun jiya, ko da kuwa abokansa sun wuce shi. Wannan shi ne sharaɗi na farko, watau jeri: kowane ɗan karatu yana hawa ne bisa wanda ya gabace shi, ba a tsallake.

Sharaɗi na biyu shi ne tilawa. Gardin da ke neman hadda ba ya wadatuwa da sabon karatu. Kowace rana yana da rabon da zai koma baya ya bi abin da ya riga ya wuce, da asuba ko da dare, don ya san abin da aka bari ba a waiwaya ba, zubewa yake yi. An raba Alƙur'ani izu 60, kowane izu kuma sumuni 8, watau sumuni 480 ke nan gaba ɗaya. Da a ce sumuni guda a yini shi ne dukan aikin, da kowane almajiri ya haddace a shekara ɗaya da wata huɗu. Abin da ya sa ake shekaru ana yi shi ne, lokacin da tilawa take ci ya fi na ƙari yawa nesa ba kusa ba, kuma da tilawar ne ake sanin alaramma.

Haka abin yake a makarantun ilmi, inda magidanta suke zama a zauren malam bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Lisha. Ɗan kasuwa ko maɗinki yakan zo da littafinsa, ya karanta layi huɗu ko biyar, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, ya rufe ya tafi neman abincinsa. Da irin wannan ɗan zama ake sauke Ahalari a shiga Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, har mai rabo ya kai ga Muhtasar. Ta fannin nahawun Larabci akan fara da Ajurumiya kafin a taɓa Alfiyya ta Ibn Malik, wadda baitocinta sun kai kimanin 1,000. Mai ɗaukar baiti biyu kullum zai yi wajen kwana 500 a kanta. Masu neman yalwar lugga kuma suna da Muƙamatul Hariri mai maƙama 50. Ba wanda ya bar sana'arsa domin wannan karatu, kuma ba wanda ya yi shi a mako biyu.

Mata ma ba a bar su a baya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda takan naɗa jajiyoyi ta danƙa musu waƙoƙin karantarwa su kai wa matan ƙauyuka. Hikimar waƙa a nan ita ce, baiti gajere ne, mace tana iya riƙe shi tana daka ko kaɗi, kuma kowane baiti yana jawo na gabansa.

Bajamushen Da Ya Auna Mantuwa

Abin da malaman allo suka gano ta hanyar goguwa, wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya bi shi da ma'auni, ya buga sakamakon bincikensa a 1885. Mutumin nan kansa ya mayar abin gwaji. Ya ƙirƙiri gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya riƙa haddace su jeri-jeri, sa'an nan ya koma bayan wani lokaci ya ga nawa ne ya rage. Bisa ma'aunin da ya yi amfani da shi, bayan awa guda fiye da rabin wahalarsa ta tafi a banza, bayan kwana guda kuwa kimanin kashi biyu cikin uku. Daga nan sai zubewar ta rage gudu. Ashe mafi yawan hasarar tun a yinin farko ake yin ta.

Wani abin da ya gano ya fi wannan amfani ga mai shirin jarrabawa. Jerin da ya maimaita sau 68 a zama guda, ya tarar maimaici 38 kawai ya isa ya ba shi sakamako iri ɗaya, muddin an rarraba su cikin kwana uku. Watau mai kwana zaune yana biyan kusan ninki biyu a kan hajar da maƙwabcinsa ya saya da araha. Daga baya, a 1972, wani marubuci mai suna Sebastian Leitner ya fito da dabarar 'yan katuna da akwatuna: a rubuta tambaya a fuskar kati, amsa a bayansa, katin da aka amsa daidai ya matsa akwatin gaba inda ba a cika duba shi ba, wanda aka kasa kuwa ya koma akwatin farko a sake haɗuwa da shi gobe. Da yawa daga cikin manhajojin koyon harshe da ke cikin wayoyi a yau bisa wannan tushe aka gina su. Almajirin da aka hana shi wanke allo zai gane dabarar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Zamanin Yaƙi Da Jahilci

Ilmin boko ma, lokacin da aka so a kai shi ga manya a Arewa, ta wannan hanya aka bi. An kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East, kuma daga gasar da ta shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Da Malam Abubakar Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce, sai ya yanka shi labari-labari, kowanne daidai zama guda, amma duka a rataye a jikin babban labari guda wanda yake sa mai karatu ya dawo gobe. Shi da East suka kuma rubuta Ikon Allah, domin bayyana al'amuran halitta da kimiyya da Hausa mai sauƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, ita ma makaranta ce ga dubban mutanen da ba su taɓa shiga aji ba, domin kofi guda yakan zaga hannu da yawa, mai iya karatu yana karanta wa marasa iyawa.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana daga cikin waɗanda suka ja ragamar aikin. Aka buɗe azuzuwan manya a garuruwa da ƙauyuka, manomi ya dawo daga gona ya zauna ya koyi baƙi. Shugabannin aikin sun lura da cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, jahilcinsa zai dawo masa, saboda haka hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga 'yan ƙananan littattafai masu arha a kan kiwon lafiya da noma da tarihi da sana'o'i, tare da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauci, da sauransu. Waɗannan su ne tilawar sabon mai karatu. An rufe NORLA a 1959, jaridun lardunan kuma ba su yi tsawon rai ba. Jihar Kano ta sake ɗaga tutar a 1980 da ta kafa Hukumar Ilmin Manya a zamanin Gwamna Abubakar Rimi.

Ina Aka Kwana A Yau?

Abin karantawa bai taɓa yawa kamar yau ba, amma yawancinsa tsintuwa ce. Yau a aiko wa mutum da sunan babban birnin wata ƙasa, gobe tsawon wani kogi, jibi wata kalmar Turanci da ba zai taɓa bukatarta a ofis ba. Babu jeri, babu mai tambayarsa gobe me ya riƙe, sau da yawa ma babu mai tabbatar da cewa abin da aka aiko gaskiya ne. Ya karanta ya ji daɗi, ya tura wa wasu, kafin azahar ya manta. Haɗarin da ke ciki shi ne mutum ya ɗauka yana ilmantuwa alhali kuwa nishaɗi yake yi, kuma Hausawa sun riga sun faɗi abin da ƙaramin sani yake zama ga mai shi.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A ɗauki fannin kalmomi. Maimakon kalma ɗaya tilo da ba ta da dangi, mai koyo ya ɗauki zuriya guda ya bi ta har mako ya ƙare. Alal misali, ya lura da cewa allo da alƙalami da albasa da alƙali duk da "al" suka fara, domin daga Larabci aka aro su tare da harafin nan da Larabawa suke sa wa suna a gaba. In ya gane wannan, sai a nuna masa cewa littafi da lokaci da labari ma 'yan gidan ne, sai dai su "l" kaɗai ta rage musu. Mako na biyu ya koma Barno, inda sarautun Galadima da Ciroma da Yarima suka fito, inda kuma masana suka nuna kalmar kasuwa ta biyo kafin ta iso ƙasar Hausa. Na uku ya duba agogo da ashana da keke, waɗanda aka karɓa daga Yarabawa, da takobi wanda ya zo daga Buzaye. Na huɗu ya kwatanta Hausar Nijeriya da ta Nijar, ya ga yadda nan aka ari asibiti da tebur da mota daga Ingilishi, can kuwa ake kiran makarantar boko lakwal saboda zama da Faransawa. Wanda ya yi wata guda a haka, ya koyi kalmomi, ya kuma koyi tarihin ciniki da addini da mulki ba tare da ya buɗe littafin tarihi ba. Kada kuma a yi zaton rijiyar za ta ƙafe: ƙamusun da Bargery ya buga a 1934 yana ɗauke da kalmomi wajen 39,000, wanda in kalma guda za a ɗauka kullum, sai an shekara fiye da 100 ba a kai bango ba. Ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, wanda ya yi bayanin Hausa da Hausa.

Nahawu da ƙa'idojin rubutu su ne inda ciwon ya fi tsanani, musamman a ofisoshi. Sau nawa ake ganin sanarwar hukuma, da hatimi da sa hannu, an rubuta "yayi" a maimakon "ya yi", ko "shine" a maimakon "shi ne"? Ƙa'idar kuwa ba ta fi a koye ta a zama guda ba: lamirin da ke gaban aikatau a ware yake, sai a rubuta "ya zo", "sun tafi", "za mu duba", amma gajeriyar mallaka a manne take, sai a rubuta "motarsa", "ofishinmu". Sai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda aka shigar cikin rubutun boko a shekarun 1930, bayan an daɗe ana ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi bisa ƙa'idar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya tsara a 1912. Wanda ya raina lanƙwasar nan ya tuna cewa ita ce ta raba kafa da ƙafa, da kare da ƙare, da bari da ɓari. Takardar gayyata da aka rubuta "manyan baki" a cikinta ta zagi waɗanda aka nufa a girmama. A zamanin keken rubutu akawu yana da uzuri, tun da ba kowane keke ne yake da waɗannan baƙaƙe ba. Yanzu kuwa suna cikin kowace waya ga wanda ya neme su. An yi taro a kan daidaita rubutun Hausa a Bamako a 1966, an sake yi a Yamai a 1980, ƙa'idojin suna nan a rubuce, masu bin su ne suka yi ƙaranci.

Jinsi ma abin mako guda ne. Galibin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, shi ya sa ake cewa riga ce, hula ce. Amma gida da ruwa da suna da nama sun ƙi bin wannan layi, maza ne. Sunayen garuruwa da na ranakun mako kuwa mata ne ko da wane wasali suka ƙare: Kano ce, Litinin ce. Ɗalibin da ya wuce nan sai ya shiga aikatau, ya ɗauki saiwa guda ya juya ta: saya, sayo, saye, sayar, sayu. Kowace siga da ma'anarta, wannan ya nufo nan da abin, wancan ya ƙare shi duka, wancan kuma ya rabu da shi. Wani masani Bature, F. W. Parsons, shi ya tsara waɗannan sigogi zuwa aji 7 a 1960, ga shi kuwa ranakun mako ma 7 ne.

Game da tarihi, akwai dalili na musamman da ya sa matasan ma'aikata suke bukatar wannan karatu. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantun Nijeriya wajen 2009, aka yi shekaru kafin a mayar da shi, saboda haka akwai samari da yawa da suka gama makaranta, wasu har sun kama aiki, ba su taɓa zama a ajin tarihi ba. Irin waɗannan ba za su amfana da tsintar ranaku barkatai ba. Abin da zai yi musu amfani shi ne su kama igiya guda su bi ta. Mai son tarihin Kano ya ɗauki sarki guda kowace rana tun daga Bagauda, ya daɗe a kan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa, Shehu Magili kuma ya baƙunce shi. Ya biyo ta jihadin da aka fara a 1804, har zuwa shigowar Turawa a 1903 da isowar jirgin ƙasa a 1911. In ya zo nan, zai gane da kansa dalilin da ya sa gyaɗa ta zama dala a Kano, domin ya ga hanyar da ta bi ta kai teku.

Sanin al'amuran yau da kullum yana da wata matsala tasa, watau yana tsufa. Wanda ya haddace cewa jihohin Nijeriya 12 ne ya yi daidai a 1967, amma a 1976 sun zama 19, tun 1996 kuma 36 ne. Wanda ya riƙe Ikko a matsayin babban birni, gaskiyarsa ta ƙare a Disambar 1991 da Gwamnatin Tarayya ta koma Abuja. Saboda haka duk abin da za a rubuta a kati, a rubuta shi da shekararsa: an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, Naira ta maye gurbin fam a Janairun 1973, an fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976.

Saura malam, domin shi ne abin da waya ba ta bayarwa. A makarantar allo akwai wanda zai saurari yaro ya ce masa bai yi ba, ya koma. Ma'aikaci ba zai rasa irin wannan a ofishinsu ba in ya nema. Mutum biyu ko uku masu jiran jarrabawa guda suna iya yin alkawari, kowace safiya kafin a fara fito da fayil ɗaya ya tambayi ɗaya abin da aka karanta jiya, ran Alhamis kuma a bi na mako duka, ƙarshen wata a bi na wata. Ɗalibai a ɗakin kwana su ma haka. Kayan aikin ba su wuce ƙaramin littafin rubutu ba, da 'yan katunan da za a yanka daga tsohon kwali, da gwangwani uku na zuba su. A cikin minti 15 ɗin nan, 5 ne na sabon karatu, sauran 10 na tilawa ne.